Baba zai fara kemo na ciwon dajin huhu, me za mu tarar? Amsa ga ƙanwata ta Aboabo

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga saƙonki tun daren jiya amma sai yanzu da na sauko daga aiki na samu zama. Kin ce Baba shekararsa 63, ya yi wata shida yana shan maganin tibi tari bai tsaya ba rama sai ƙaruwa take, da aka yi sikan aka ɗebi ɗan nama a huhu aka kai lab sai ya fito ciwon daji ne, yanzu likitocin Gee, wato asibitin Komfo Anokye na Kumasi, sun ce ran Litinin ta sama za a fara kemo, wato maganin ciwon daji da ake ɗaurawa ta jijiya, gida kuma ya rikice, wasu na cewa kemo shi ke ƙarasa mutum, kawunku na cewa a tafi da shi arewa wurin mai magani. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma Allah ya miki albarka da kika tsaya kika tambaya kafin ranar ta zo.

Ni nas ce, na daɗe ina aiki a ɗakin da ake ɗaura wa masu ciwon daji ruwa a nan Kumasi, don haka abin da idona ke gani kullum zan faɗa miki, amma likitan da ke riƙe da foldar Baba shi ke da maganar ƙarshe a kan komai. Abin da ya faru da ku na shan maganin tibi tukuna, ba ku kaɗai ba ne, tari da rama da tofar da jini duk cututtukan biyu suna kawowa, kuma tibi ta fi yawa a wajenmu shi ya sa ita ake fara zato. Kar ki zauna kina cin kanki a kan watannin da suka wuce. Kuma ki faɗa wa mutanen gida wannan ciwo ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, a daina ware masa kofi da kwano, jikoki su zo su zauna kusa da shi, ya sha wariya ta wata shida ta isa haka.

Kafin Litinin akwai tambaya ɗaya da nake so ki yi wa likita baki da baki, kar ki ji nauyi. Ki ce dokta, wane iri ne, wane mataki ya kai, kuma wannan kemo don a warkar ake yi ko don a danne ciwon a ba shi sauƙi da tsawon kwana? Ciwon dajin huhu kashi biyu ne manya, a takardar lab za ki ga NSCLC, wanda ƙwayoyinsa ba ƙanana ba ne, shi ne ya fi yawa, wajen 85 cikin 100, ko SCLC mai ƙananan ƙwayoyi wanda ya fi saurin bazuwa amma kuma ya fi saurin jin kemo a farko. Mataki kuma daga 1 ne zuwa 4. In an kama shi da wuri ana haɗa kemo da tiyata ko gashi da na'ura da niyyar warkarwa, in ya riga ya kai 4, wato ya tsallaka wasu sassan jiki, to gaskiya niyyar ita ce a rage shi, numfashi ya dawo, zafi ya ragu, mutum ya ƙara samun lokaci da iyalinsa. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne wallahi, na ga wanda aka shigo da shi a keken marasa lafiya yana haki ko fatiha ba ya iya jawa, bayan zagaye biyu da ƙafarsa yake zuwa masallacin Juma'a. Amma in ba ku san niyyar ba tun farko, ranar da sikan ya fito ciwon bai ɓace ba sai ku ce an yaudare ku, ku bar magani a tsakiya. Ki kuma tambaya ko an gwada naman don EGFR da ALK, wasu canje-canje ne da ake samu a cikin ƙwayoyin ciwon, domin wasu masu wannan ciwo, musamman waɗanda ba su taɓa shan taba ba, akwai ƙwayar haɗiya irin gefitinib ko osimertinib da ta fi musu kemo aiki. Gwajin da maganin suna da tsada, amma tambaya ba a biyanta.

To ita ranar kanta. Mutane suna zuwa da tsoro kamar za a shiga tiyata, alhali zama ne a kujera ko gado, a sa kanula a bayan hannu, a ɗaura ruwa. Kafin nan za a ɗebi jini a duba yawan jinin, fararen ƙwayoyin jini, ƙoda da hanta, a auna tsayi da nauyi domin da su ake lissafin adadin maganin, kuma ki tabbatar an duba masa hepatitis B, cutar hanta ce, tana da yawa a Gana kuma kemo na iya tada ta in tana kwance a jiki, in an sani tun farko akwai maganin da ake ba shi ya tare. Yawanci magani biyu ake haɗawa, ɗaya cisplatin ko carboplatin, ɗayan kuma pemetrexed ko paclitaxel ko gemcitabine, in SCLC ne etoposide. Ana yi duk bayan kwana 21, shi ne zagaye ɗaya, zagaye 4 zuwa 6 galibi, a tsakiya bayan na biyu ko na uku a sake sikan a ga ko ciwon yana ja da baya. Etoposide kwana uku a jere ake zuwa, gemcitabine rana ta 1 da ta 8. In cisplatin ne ku shirya wuni guda cur, domin ana ɗaura masa ruwa da yawa kafin da bayan maganin don kare ƙoda, zai ta zuwa fitsari, haka ake so. In pemetrexed ne akwai ƙwayar folic acid da ake farawa kamar mako guda kafin, a ci gaba kullum, da allurar B12 duk mako 9, kar a raina su a ce ai bitamin ne kawai, su ke rage dafin maganin a jiki. In an rubuta muku su ba ku fara ba, ki kira gobe ki faɗa.

Ya karya kumallo kafin ku fito, koko da ƙosai ba laifi, kar ya zo da yunwa. Riga mai faɗin hannu, bargo mara nauyi don ɗakin na da sanyi, ruwan sha, carbinsa, cajar waya, da duk magungunan da yake sha a gida ki zuba su a leda ki kawo mu gani da ido, har na gargajiya. Abu ɗaya da za ki sa wa ido lokacin da ruwan ke shiga: in wurin kanular ya fara zafi ko raɗaɗi ko kumburi, ko Baba ya ji ƙirjinsa ya matse, fuska ta yi zafi, baya ya riƙe, a kira nas nan take. Dattawanmu akwai dauriya da kunya, sai mutum ya yi shiru yana cije leɓe wai kar ya dame mu, alhali wasu magungunan in suka zubo wajen jijiya suna cin nama. Ki faɗa masa tun a gida cewa yin magana ba raki ba ne.

Yawancin mutane suna tashi daga kujerar nan su ce a'a, dama shi ke nan? Har wasu su ji ƙarfi su ci abinci sosai a daren, wannan aikin dexamethasone ne da ake haɗawa da maganin amai, yana ɗan hana barci kuma yana ɗaga suga, in Baba na da ciwon suga a riƙa aunawa safe da yamma a kwanakin nan. Daga rana ta biyu zuwa ta biyar ne jiki ke saki, tashin zuciya, kasala, baki ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe, abinci ya fita a rai, mai paclitaxel kuma ya ji gaɓoɓi da cinyoyi na ciwo. Maganin aman da za a ba ku, ondansetron ko metoclopramide, a sha a kan lokacin da aka rubuta, kar a jira sai amai ya zo, in ya riga ya fara tsayar da shi wuya gare shi. Ondansetron na ɗaure ciki, in ya kwana uku bai zaga ba ku faɗa. Labarin da ake bayarwa a zango na mai kemo yana amai kamar zai fitar da hanjinsa, yawancinsa na zamanin da ne ko na wanda bai sha maganin aman daidai ba, yanzu in amai ya yi yawa muna da abin canzawa.

Yanzu ki nutsu, nan ne dalilin da ya sa na zauna rubuta miki duk wannan. Haɗarin kemo ba a asibiti yake ba, a gida yake, a mako na biyu, lokacin da kowa ya saki jiki. Kemo yana bin duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa ne ya kashe, ƙwayoyin daji haka suke, amma ɓargo ma haka yake, kuma ɓargo shi ke ƙera fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke yaƙi da cuta. Tsakanin rana ta 7 da ta 14 bayan an ɗaura ruwa sojojin nan suna faɗuwa ƙasa sosai, mutum a ido lafiyarsa ƙalau, amma ƙwayar cutar da a da jikinsa zai murƙushe ba tare da ya sani ba, yanzu tana iya shiga jini ta kwantar da shi cikin awoyi. Alamar da take fara bayarwa zazzaɓi ne. Mu kuma nan Gana duk zazzaɓi sunansa maleriya.

Akwai wani dattijo tela da na yi jinya, mutum mai fara'a, kullum da goro a aljihu yana raba wa masu jira duk da shi ya daina ci. Zagayen farko ya wuce lafiya. Rana ta goma da daddare jikinsa ya yi zafi yana rawar sanyi, ɗansa ya ruga kantin magani a bakin layi ya sayo maganin maleriya da farasitamol, zafi ya sauka, kowa ya ce alhamdulillah, washegari ya dawo aka sake ba shi, sai rana ta uku aka kawo shi a bayan taksi kansa a cinyar matarsa, hannuwa sun yi sanyi, baya gane mutane, jini ya faɗi. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma ya yi kusan mako biyu a kwance, kuɗin da aka tara na zagaye na biyu duk ya tafi a wannan kwanciya, kemon ma sai da aka ɗaga. Yaron nan ya tsaya a baranda yana kuka yana ce min Anti ni fa taimakonsa na yi. Kuma gaskiya ya faɗa, abin da kowane ɗa nagari zai yi ya yi, ba wanda ya zaunar da shi ya masa bayani ne kawai. Har yau in na tuna fuskarsa sai in ji ba zan bar wani ya fita daga ɗakinmu ba tare da na maimaita masa wannan magana sau uku ba.

Saboda haka ki sayi ma'aunin zafin jiki na dijital kafin Litinin, ki ajiye kusa da gadon Baba, taɓa goshi da bayan hannu ba awo ba ne. In ya nuna 38 ko sama, ko yana rawar sanyi ko da awon bai kai ba, ko kika ga ya rikice yana magana ba kan gado, to asibiti, a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Kar a ba shi farasitamol kafin a auna don yana ɓoye zazzaɓin. Kuna isa kalmar farko da za ta fito bakinki ita ce yana kan kemo, an masa ranar kaza, ki nuna katinsa, domin irin wannan ba a sa shi a layi, ana so a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda, maleriyar ma za a gwada a can, yana iya zama ita ce, amma asibiti ne zai faɗa ba kanti ba. Ki nemi mai taksi ko mai pragya, keken haya mai ƙafa uku, ɗaya a unguwa da zai ɗaga waya da daddare, ki ajiye lambarsa, lambar motar asibiti kuma 112. Ki ware ɗan kuɗi a MoMo, asusun kuɗi na waya, wanda ba a taɓawa sai irin wannan dare.

Ban da zazzaɓi, abubuwan da ba a kwana da su a gida su ne haki da ya ƙaru farat ɗaya ko ciwon ƙirji, tofar da jini mai yawa, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi domin ciwon daji na sa jini ya daskare a jijiya, fuska da wuya su kumbura da safe, ciwon baya tare da ƙafafu su yi nauyi ko fitsari ya ƙi fita, haɓo da ya ƙi tsayawa, amai ko zawo da ya hana ruwa zama a ciki wuni guda. In cisplatin yake karɓa ya ce kunnensa na ƙara ko yatsunsa sun fara mutuwa kamar tururuwa na bi, wannan ba na gaggawa ba ne amma a faɗa kafin zagaye na gaba don a gyara adadin.

A wannan mako na biyun a rage masa cunkoso. Na san gidajenmu, da an ji Alhaji ba lafiya duk zango sai ya zo dubiya, ɗaki ya cika, kowa ya miƙa hannu. Zumunci ne kuma yana ƙara wa mara lafiya ƙarfin zuciya, ban ce a kore kowa ba, amma a shimfiɗa tabarma a waje inda iska ke kaɗawa, mai mura ko tari ya gaishe shi ta waya, a ajiye sabulu da buta a bakin ƙofa. Awure da suna da adu'a ya ɗan haƙura a kwanakin, in dole ne ya shiga motar haya ta torotoro ko kasuwar Kejetia ya sa takunkumi. Ya kwana cikin gidan sauro, a bar kunna maganin sauro mai hayaƙi a ɗakinsa, a nesanta shi da hayaƙin gawayi da na itace. In yana shan taba ya bari yanzu, bai makara ba, barin na taimaka wa numfashi da aikin maganin. Wanzami da ƙaho a dakata, cire haƙori ma sai an tambayi likita, asuwaki mai tauri a canza shi da buroshi mai laushi, ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri sau huɗu a rana don gyambon baki.

Abinci kuwa, ki bar maganar masu cewa kar ya ci nama kar ya sha suga wai ciwon ke ci. Baba ya riga ya rame, abin da muke tsoro ƙarin rama ne. Kaɗan-kaɗan sau shida ya fi kwano guda a tilasta masa. Tuwo mai laushi da miyar ayoyo, romon kifi ko kaza, dafaffen ƙwai, wake, kunun gyaɗa, kontomire, ayaba da lemo da aka wanke aka ɓare a gida. Sharaɗin kawai ya zama da zafinsa aka dafa yanzu. Waakye na bakin titi da salak da shito da ya wuni a buɗe, burkina da fura da nonon da ba a tafasa ba, tsiren da ya sha ƙura, a ajiye su tukuna. Ruwa mai tsabta kamar lita biyu a rana in likita bai hana ba. In azumi ya riske shi yana kan kemo kar ya ɗauka, Allah ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame, ƙodarsa na buƙatar ruwan, in bai yarda da bakinku ba ki sa limaminku ya faɗa masa. Salla a zaune ma salla ce.

Maganar kawu. Kar ki yi faɗa da shi, ƙauna ce ta sa shi, kuma kina buƙatarsa a gefenki. Addu'a, sauka, sadaka, tofi, duk a yi, ni ma ina yi wa marasa lafiyana. Inda nake tsayawa da ƙafa biyu shi ne saiwa da sassaƙe da ruwan ɗaci na kwalba da ake sayarwa a mota, domin hanta da ƙoda su ne ke fitar da kemo daga jiki, in aka ƙara musu wani nauyin da ba a san adadinsa ba suka gaza, kemon sai ya taru ya zama guba, ko gwajin jini ya lalace a fasa ba shi, sai kuma a ce ga shi nan asibiti ta kashe shi. Haka ma diclofenac da ibuprofen da ake saya don ciwon jiki, suna taɓa ƙoda, kar a ba shi sai da izini. Masu cewa kemo ke ƙarasa mutum, sau da yawa wanda suka gani an kawo shi ne bayan ya shekara ana yawo da shi, ciwon ya gama cin jiki. Ki roƙi kawu ya raka ku ran Litinin ya ji daga bakin likita da kunnensa.

Gashi ya danganta da maganin, paclitaxel da etoposide suna zubar da shi mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko, har gemu da gira, pemetrexed bai cika zubarwa ba. Ki gaya wa Baba tun yanzu kar ya wayi gari ya ga gemunsa a kan matashi ya firgita, yana dawowa bayan an gama. Kwana biyun farko bayan kowane zagaye maganin na fita ta fitsari da bayan gida da amai, in bayin gidan haya ne na kowa da kowa a kora da ruwa sosai bayan ya shiga, mai wanke masa kayan da suka ɓaci ta sa safar hannu, mai ciki kar ta taɓa.

Sai kuɗi, wanda shi ne ke katse wa mutane magani fiye da amai da zubar gashi. Katin inshorar lafiya na NHIS ku sabunta shi, yana rage wasu abubuwan, amma a ciwon daji na nono da na bakin mahaifa ne suka shiga jerinsa tun farko, daga baya aka ƙara wasu na yara, na huhu ku sa a rai aljihu zai yi aiki. Ki tambayi kuɗin zagaye ɗaya gaba ɗaya, magani da gwajin jini da mota, ki ninka sau shida, ki ƙara sikan, ki kira taron dangi yanzu har na Nima da na Kano da waɗanda ke turai, kowa ya ɗauki zagayen da zai biya, ya fi a zo na uku a tsaya cirko-cirko. Ki shiga ofishin jin daɗin jama'a na asibitin ki tambayi asusun MahamaCares da gwamnati ta ƙaddamar a 2025 don irin waɗannan cututtuka. Kuma ki samo mutum biyu uku cikin samarin gida da za su iya ba da jini, domin kemo na rage jini, ranar da aka ce ana buƙata ba ranar fara nema ba ce.

In kun zo zagaye na biyu aka ce jininsa bai hau ba a dawo mako mai zuwa, kar hankalinki ya tashi, abu ne da muke gani kullum, ba alamar ciwon ya ƙaru ba ne, ɓargo ake ba wa lokaci. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar da aka ɗaura ruwa, awon zafin jiki safe da dare, abin da ya ci, sau nawa ya yi amai, ki zo da shi duk zuwa. Ke ma ki samu wanda zai riƙa karɓarki, wata uku zuwa huɗu ba a ɗaukarsu a kai ɗaya. Ki gaishe min da Baba da jiki, ki gaida Mma, in kin karɓo takardar da aka rubuta sunayen magungunan ki turo min sunayen kawai in faɗa miki ranakun da za ki fi sa ido.